Ƙanena ya narkar da jarin POS a wasan jirgi na waya, ku ba ni shawara

Mai Shagon Wunti
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina bin hirarku ba na cewa uffan, amma yau abin ya fi ƙarfina. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23. Da ya gama difloma ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, sai na kafa masa teburin POS a bakin shagona a nan Bauchi, na zuba masa jarin naira dubu 400. Wata bakwai ban ga komai ba sai alheri. Ranar Asabar wani mutum ya zo cirar dubu 60, yaro ya ce netiwok. Mutumin ya dawo da la'asar, netiwok dai. Na karɓi wayar da hannuna na duba, dubu 11 suka rage.

Ba sata aka yi masa ba, ba kuma 'yan damfara ba ne. Na bi tarihin turawa: dubu biyu, dubu biyar, dubu biyar, dubu goma, duk wuri ɗaya suke tafiya, wasu ma ƙarfe biyun dare. Wai wani wasa ne, jirgi yana tashi kuɗinka na ninkuwa, in ba ka cire ba kafin ya ɓace shi ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, a gabana yaron nan yake wuni. Tare muke zuwa masallaci. Ina ganinsa ya duƙufa a kan waya ina cewa lissafin ciniki yake yi.

Hajiyarmu ba ta sani ba, tana da hawan jini. In kore shi ne, in rufa masa asiri ne, ko yaya zan yi?

Baban Hanifa
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri. Kar ka kore shi tukuna, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Direban Azare
Ni dai da nawa ne sai ya kwana biyu a caji ofis. Dubu 400 a wannan zamanin? Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne fa, kusan albashin wata shida ke nan ya tashi a iska.

Malamin Lissafi
Alhaji, sannu da haƙuri. Shawarar gida zan bar wa manya, amma bari in faɗi yadda abin yake cin kuɗi, domin yawancin yaranmu suna zaton wayo ne ya gaza musu, alhali lissafi ne aka gina.

Irin wannan wasa, wanda ya fi suna shi ne Aviator, na kamfanin Spribe, ya fito a 2019. Masu shi da kansu sun rubuta cewa yana mayar wa 'yan wasa kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba. Yaro in ya ji haka sai ya ce, ashe kashi 3 kawai suke ci, ai ba komai. A nan ramin yake. Kashi 3 ɗin ba daga kuɗin da ka saka a asusu ake cirewa ba, daga kowane zubi ne. A ce ka saka dubu 10, kana zuba ɗari biyar-biyar. Ka ci, ka mayar, a cinye ka, ka sake. Zagaye ɗaya ba ya kai minti guda, saboda haka zubi 200 a dare ɗaya ba wani abu ba ne. Zubi 200 na ɗari biyar dubu 100 ke nan ka juya, kashi 3 na wannan kuwa dubu 3 ne. Wato a dare ɗaya kusan sulusin kuɗinka ya tafi, kuma wannan a matsakaicin hali ne, ba a ranar rashin sa'a ba.

Ninkin ma a lissafe yake. A wasan da aka tsara a kan kashi 97, damar jirgi ya kai ninki biyu ba rabi ba ce cif, 48.5 ce cikin 100. Ya kai ninki goma, ƙasa kaɗan da sau ɗaya cikin goma. Ko da wuri ka saba cirewa, ko ka saba jira, gibin nan yana nan bai motsa ba.

Ɗan Wikki
Malam, da girmanka, amma kada a yi wa abu kuɗin goro. Ni ina zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo tun ina sakandare, kuma wannan sani ne, ba sa'a ba. Na san wa ya ji rauni, na san wa ke gida wa ke waje. Watan jiya da naira 300 na ci dubu 41. Shi wannan yaron haɗama ce ta kai shi. Mai hankali yana da iyaka.

Malamin Lissafi
Ɗan Wikki, na yarda ka ci dubu 41. Tambaya ɗaya: daga farkon shekara zuwa yau nawa ka zuba gaba ɗaya? Kar ka ba ni amsa da ka. Buɗe manhajar bankinka ka tara.

Ɗan Wikki
Wa ke da lokacin wannan.

Hajiya Uwar Adashi
Kai ɗana, ai amsar ke nan ka bayar. Wanda ya ci riba ba ya ƙin lissafi.

Ni bari in gaya muku, ba maza kaɗai ba ne. Shekara goma sha ina riƙe adashin mata a Fadamar Mada. Bara wata baiwar Allah ta kwashi ɗaukarta, dubu 150, da sunan za ta sayi injin markaɗe. Wata biyu shiru, zubi ya tsaya, injin ba mu gan shi ba. Ashe a ɗaki take, a kan gadonta, da wayar da mijinta ya saya mata. A da in an ce ɗan caca, ka san shi: yana bayan tasha ko ƙarƙashin bishiya da karta, kowa na nuna shi da baki, ko aure ya je nema sai an faɗa. Mace kuwa ina za ta je ta zauna a wannan wuri? Yanzu wurin ne ya biyo ta har ɗaki. Kunyar da take tsare mutane ita aka cire.

Ustazu Jahun
Hajiya ta taɓo inda yake. Hukuncin dai ba ya buƙatar dogon bayani. A Suratul Baƙara aya ta 219 Allah ya ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Sannan a Ma'ida aya ta 90 aka ce a nisance su gaba ɗaya, aya ta 91 kuma ta faɗi dalili: ƙiyayya da gaba a tsakani, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. To ga shi wa da ƙane sun kwana uku ba sa kallon juna. A hadisin Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, an umarce shi ya yi sadaka. Gayyata kawai fa, ba a kai ga zubi ba. Masu tura wa abokai lambar gayyata don a ba su garaɓasa su duba wannan.

Ɗan Wikki, canza suna ba ya canza hukunci. Ka kira shi hasashen ƙwallo, ka kira shi gem, in dai ka sa kuɗi ko ka ci na wani ko a ci naka a kan abin da ba ka san ƙarshensa ba, maisir ne, wato caca.

Maman Yara Yelwa
Mu ma a coci magana ɗaya ce. Timoti ta fari 6:10, son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. A nan Yelwa da Gwallameji ku tambayi masu gidajen haya, ɗalibai nawa ne kuɗin makaranta ya shigo musu daga gida ya kwana bai wayi gari ba. Amma Ustazu, yaran nan sun san haramun ne. Ba rashin wa'azi ba ne ya kai su.

Ustazu Jahun
Gaskiya ne Maman Yara. Wa'azi wajibinmu ne, amma ban ce shi kaɗai zai warkar ba.

Sabon Shiga
Duk mai son siginal na jirgi mai tabbas ya yi mini magana ta gefe, dubu 5 kacal a wata, ba faɗuwa in sha Allahu.

Shugaban Zaure
Na cire shi. A gidan makoki ka zo tallan goro? Na bar saƙon nasa don ku ga irinsu.

Mai Gyaran Waya
Gara da ka bar shi. Waɗannan masu siginal, masu cewa sun san inda jirgi zai tsaya, da masu manhajar hasashe a Telegram sun fi ita cacar sharri. Ana kawo mini wayoyi a Muda Lawal, in buɗe in ga an sauke wata manhaja daga wajen Play Store, an ba ta izinin karanta saƙonni. Lambar sirrin da banki ke turowa ai ta saƙo take zuwa. Ka ga an tashi daga caca an koma fashi. Kuma ku yi tunani, wanda ya san inda jirgi zai tsaya, me zai yi da dubu biyar ɗinka?

Sakamakon kowane zagaye ba a cikin wayarka ake fitar da shi ba. Babu abin da za ka sauke a waya ya hango shi.

Ɗan Wikki
Wannan na yarda, damfara ce. Amma akwai dabarar da ba ta faɗi. A faifan ja da baƙi, ka zuba 100 a ja. In ta faɗi ka zuba 200, in ta faɗi 400. Duk ranar da ta zo ka mayar da komai har da riba. Ai ba zai yiwu baƙi ya yi ta zuwa har abada ba.

Malamin Lissafi
Wannan dabara ta girmi kakanninmu, daga Faransa ta fito tun ƙarni na 18, kuma gidajen caca ba su rufe ba. Mu bi ta. 100, 200, 400, 800, haka har faɗuwa goma a jere: ka zubar da 102,300. Zubi na goma sha ɗaya 102,400 ne. In ka ci, ribarka nawa? Naira 100. Ka jefa sama da dubu 200 cikin haɗari don neman kuɗin ruwan leda.

Za ka ce faɗuwa goma a jere ba ta faruwa. Faifan rulet na Turai gida 37 ne: 18 ja, 18 baƙi, da sifili kore guda ɗaya wanda ba naka ba ne ko wane launi ka zaɓa. Wannan sifilin shi ne ke ba gida kashi 2.7. Na Amurka sifili biyu gare shi, nasu rabon ya haura kashi 5. Damar faɗuwa goma a jere a na Turai kusan ɗaya ce cikin 780. Ga wanda ke buga ɗaruruwa a mako, zuwanta lokaci kawai take jira.

Batun "ba zai yi ta zuwa ba" kuwa, a gidan cacar Monte Kalo a watan Agustan 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere. Mutane suka yi ta jibga dukiya a kan ja suna cewa yanzu kam dole ta juya. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. Jirgi ma haka, don ya faɗi da wuri sau biyar ba bashi ya ci ba.

Wanda Ya Ga Jiya
Na buɗe wannan suna ne don in yi magana, wasunku sun san ni. Shekara biyu na yi a ciki, yanzu wata goma sha huɗu rabona da shi.

Lissafin Malam daidai ne, amma wallahi ko a lokacin na san gida ne ke ci. Abin ba a nan yake ba. Ranar farko garaɓasa suka ba ni, na zuba dubu ɗaya ta zama tara. Da a ranar aka cinye ni da na tsira. Sai daga baya na gane garaɓasar ma da sharaɗi take zuwa, sai ka juya ta sau da yawa kafin a bar ka ka cire, kafin nan ka saba.

Abin da ya fi kama ni ba ci ba ne, saura ƙiris ne. Ka cire a ninki biyu, jirgi ya wuce har talatin, sai ka ji kamar an ƙwace maka kuɗinka. Ka ce bari in jira, ya ɓace a ɗaya da ɗigo. Ko ta ina zuciya tana ce maka kai ne ka yi kuskure, gyara kaɗan ya rage. Ga sunayen wasu suna gudu a gefen allo, wane ya ci dubu 80, wane ya ci dubu 200. Ba wanda ke nuna maka jerin waɗanda aka cinye.

Kuma kuɗin waya ba ya kama da kuɗi. In da takardun dubu-dubu nake ƙirgawa ina miƙa wa mutum, da hannuna ya yi rawa. Amma lamba ce kake dannawa. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 kowa ya koyi turawa, har tsohuwata a ƙauye. Daga asusu zuwa wasa daƙiƙa kaɗan ne, ba tafiya, ba layi, ba wanda zai gan ka ya ce wane lafiya?

Bayan wata uku ba don riba nake yi ba. Neman abin da ya tafi nake. Na sayar da babur ɗina na ce sace shi aka yi. Na ci bashin manhajojin lamuni har huɗu, ɗaya na biyan ɗaya, har suka fara tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo, surukina ma ya samu. Alhaji, ga abin da zan ce maka: dubu 400 ɗin da ka gani, da wuya a ce ita ce duka. Ka tambaye shi bashi, ka tambaye shi a natse, domin in ka ɗaga murya rabin gaskiya za ka samu. Kuma kar ka taɓa ce masa "ka nemo mini kuɗina". Hanya ɗaya ya sani ta nemowa.

Baban Hanifa
Allahu Akbar. Wannan jumlar ta ƙarshe ta sa jikina ya yi sanyi. Allah ya ƙara tabbatar da kai.

Direban Azare
To ita hukuma fa? Jiha mai Shari'a tun 2001, ina Hisba? Na ji a Kano sun rufe shagunan caca.

Lauyan Ƙofar Ran
Sun rufe, a 2024. Amma shago ake sa wa kwaɗo, waya fa? Ta fuskar doka, a da akwai dokar caca ta ƙasa ta 2005 da hukumar tarayya mai ba da lasisi. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Legas ta jagoranta, cewa caca hurumin jihohi ce, dokar tarayyar ba ta aiki sai a Abuja. Ma'ana jiha irin tamu tana da ikon ta ce ba ta yarda ba. Sai dai kamfani yana Legas ko ma wata ƙasa, yaro yana Bakaro, kuɗi na bi ta intanet. Jami'in Hisba ba zai bi ɗaki-ɗaki yana duba wayoyi ba, kuma ba ma so a kai ga haka.

Alhaji, batun kai shi caji ofis: cin amana laifi ne, za a iya tuhumarsa. Amma kuɗin ba za su dawo ta nan ba, da yatsansa ya tura. Abin da za ka samu shi ne Hajiya ta ji labari daga bakin maƙwabta.

Ɗan Wikki
Kowa na zagin matasa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 me ya rage? Ka gama karatu ba aiki, kuɗin keke daga Yelwa zuwa Wunti ma sai ka yi tunani. Naira 200 ba ta sayen komai, amma a caca tana sayen kyakkyawan fata. Ku ba mu aiki ku gani.

Hajiya Uwar Adashi
Ɗana, ba na musun wahala, ni ma kasuwa nake zuwa. Amma wannan yaron da ake magana a kansa yana da aiki, yayansa ya ba shi jari. A 2016 da MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a ninka maka, ta rushe, har ma'aikata masu albashi sun yi kuka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Nas Mai Dare
Yanzu na sauka daga aiki na karanta duka. Ina roƙo a daina cewa haɗama kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kusa da jarabar ƙwaya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun mayar da ita wannan rukuni tun 2013. Alamominta su ne waɗanda ɗan'uwanmu ya lissafa: ƙara yawan zubi, bin abin da ya tafi, ƙarya, bashi, rashin barci. Ladan da ba ka san yaushe zai zo ba ya fi wanda ka sani kama zuciya, an gwada wannan a kan tantabaru tun tuni.

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata, kuma shi ya fi damuna: kwanakin da asiri ya tonu suna da haɗari ƙwarai. Kunya da bashi suna kai wasu ga tunanin hallaka kansu. Kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki. In ya daina cin abinci, ko ya fara cewa gara ba ya nan, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa a ranar. Zuwa can ba hauka ba ne.

Mai Gyaran Waya
Ƙari a kan na Nas. Goge manhaja kaɗai ba ya isa, minti biyu ya sake saukewa, ko ya shiga ta burauza. Ku zauna tare ya shiga asusun, a nemi wurin rufe kai, manyan kamfanoni suna da shi, ko a rubuta musu a ce a rufe. A rage iyakar turawa ta yini a bankinsa. In zai yarda, ya koma ƙaramar waya mai tocila na wata uku. Bashi kuma in za ka biya, ka biya mai bashin kai tsaye, kar kuɗi ya bi ta hannunsa.

Maman Yara Yelwa
Ni a ganina a gaya wa Hajiya. Uwa tana ganewa ko ba a faɗa ba, kuma addu'arta daban ce.

Baban Hanifa
A'a, da hawan jini? A samu kawu ko baffa mai riƙe sirri. Hajiya sai ƙura ta lafa.

Maman Yara Yelwa
Ku maza kullum haka kuke cewa, sai ta ji a gidan suna.

Ɗan Wikki
Malamin Lissafi, na tara. Ba zan faɗi adadin a nan ba.

Malamin Lissafi
Ba sai ka faɗa ba. Lambata tana wurin Shugaban Zaure.

Mai Shagon Wunti
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan isha na ɗauke shi a mota muka tsaya wajen filin wasa na Tafawa Ɓalewa, na kashe inji na ce ba faɗa na zo yi ba. Ya daɗe yana kuka kafin ya iya magana. Wanda Ya Ga Jiya, maganarka ta tabbata: akwai bashin manhaja dubu 85, akwai dubu 30 na wani mai shayi, kuma kwamfutar da ya ce tana wurin gyara ba ta wurin gyara. Ya ce tun wata na biyu ya fara, da naira 200, wani abokinsa ne ya tura masa lambar gayyata.

Wayar tana hannuna, da kansa ya miƙo. Teburin POS na ɗauke. Yanzu a ɗakina na waje yake kwana tare da babban ɗana. Baffanmu zai zo daga Dass ranar Juma'a, shi zai yanke ko a gaya wa Hajiya. Ban yafe ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba, in na tuna yadda na tara kuɗin nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Yanzu abin da nake nema: wa ya san inda zai koyi sana'ar hannu, wadda ba a riƙe kuɗi? Ya iya wayarin kaɗan.

Direban Azare
Akwai ubangidan ƙanena, yana haɗa sola a wajen Railway, yaransa ba sa taɓa kuɗi, shi ke karɓa. Amma fa ƙarfe bakwai ake fita kuma ba ya son latti. In ka amince in yi masa magana gobe in na dawo daga lodi.

Mai Shagon Wunti
Yi masa. Ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, kar ya ji daga baya.